Ka Dubi Kawunansu, Ba Hannayensu Ba

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa yaran da na bar maka kake horarwa suke kukan ciwon ƙeya bayan atisaye, har kana zargin sanyin ruwa. Ba sanyi ba ne. Gobe ka tsaya a bakin kwamin iyo, ka zuba wa kawunansu ido.

Yawancinsu a Binuwai suka koyi iyo, nan Garwa, kamar yadda ni ma na koya. A kogi dole kai ya kasance a sama, kana hangen kwalekwale, kana lura da inda dorina take. Da wannan sabon suka shigo gasa. Kan babban mutum yakan kai kilo 5, ƙasusuwan wuya 7 ne ke ɗauke da shi. Yaro ya ɗage haɓa yana kallon gaba awa guda cur, jijiyoyin ƙeya a ɗaure, ƙugu ya nutse, sai ya riƙa ramawa da ƙarfin kafaɗa. Ga ciwo, ga rashin gudu.

Ka sa su kalli ƙasan kwamin, kai da gadon baya su miƙe sambal kamar gora. In za a shaƙi iska, jiki ne ke mirginawa, kai ya bi shi. Kunci a kwance, ido ɗaya na tabarau cikin ruwa. Kan da ke ratsa ruwa yana barin ɗan rami daidai baki, a nan ake zuƙar iska. Su saba numfashi bayan bugun hannu 3, dama da hagu, kada gefe ɗaya ya sha wahalar shi kaɗai. Allon da suke riƙewa suna bugun ƙafa ma, kada su daɗe a kansa da kai a ɗage.

Abin da ke hana ni barci kuwa, tsunduma da ka ne. Da rani kogi yana ja da baya, yashi na nan kusa da ido bai gani. Ƙashin wuya ya karye, laka ta taɓu, jiki ya shanye. Ka hana su tun yanzu. In ta faru, Allah ya kiyaye, kada a fizgo shi. Ka tallafe kansa daidai da jikinsa, fuska a sama, har taimako ya iso. Wanda kuma ya ce ciwon na sauka hannu, ko yatsunsa na mutuwa, ka fitar da shi daga ruwa, ka kai shi wurin likita ranar.