Ko ƙarin kuɗin gahawar Fairtrade yana isa hannun manomi?

Malama, kin tambaya ko tambarin Fairtrade (alamar cinikin adalci ga ƙananan manoma) da kika gani a jikin gwangwanin gahawa ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa. Ni dai a ganina ya cancanta. Abin ya samo asali ne a ƙasar Holan a 1988, lokacin da aka fara sayar da gahawar ƙananan manoman Meziko da irin wannan alama. Ana yanka farashin da ba za a saya ƙasa da shi ba ko kasuwa ta faɗi, sannan a ba ƙungiyar manoman wani ƙari su yi aikin gari, rijiya ko ajin makaranta.

Amma mu a Kaduna, maganar ta fi shafarmu ta wajen citta. Na taɓa ganin wata manomiya a Kachia tana shanyar citta, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda aikin tsaga cittar, dillali ya zo ya taya a wulaƙance. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. A 2023 kuma cuta ta cinye wa manoman citta gonaki. Tun daga nan muke haɗa kuɗi da maƙwabta mu sayi buhu a hannun mai noman, kuma ba na matsa mata da neman ragi.