Ƙyallin leda ya makantar da kyamarata, me zan saya?

Tambaya: Malam, ina da ɗan izin na ruwan leda a nan Damagaram. Ɗana ya kafa mini kyamara bisa injin, tana duba kwanan watan da aka buga a kan kowace leda. Amma leda na ƙyalli, sai hoton ya fito da farin tabo daidai kan lambobin, kwamfuta ta yi ta ware kaya masu kyau a matsayin marasa kyau. Ɗan ya ce mu sayi manhajar goge ƙyalli, wani aboki ya ce sabuwar kyamara. Wanne zan ɗauka? Daga wani Alhaji, unguwar Zango.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Riƙe kuɗinka tukuna, ciwon na fitila ne.

Manhaja dai manta da ita. Hasken kowane ɗigo na irin wannan hoto ana ƙirga shi daga 0 zuwa 255. Inda ya kai 255 ya ƙone, lambar da ke wurin ba ta shiga hoton ba balle a tono ta.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Rufe wurin da kwali, don ranar Damagaram da ke leƙowa ta taga da hantsi ba ita ce ta la'asar ba. Sannan kauce da fitilar gefe, hasken da leda ke mayarwa ya wuce kyamara.

In bai isa ba, tunda ledar ruwa tana da ƙundu da lanƙwasa, a samo babbar roba fara marar sheƙi, a huda gindinta don idon kyamara, a kife ta bisa layin, fitilun LED a bakinta suna haska cikinta. Haske zai sauko a baje kamar ranar hazo. Masana'antu na sayen irin wannan da tsada, dabarar kuwa ɗaya ce.

Abin saye shi ne matatar haske, polariza, guda biyu: ɗaya gaban fitila, ɗaya kan idon kyamara. A riƙa juya ta kyamarar a hankali. Suna gicciye da digiri 90 za ka ga tabon ya mutu. Sai dai kowace tana cinye fiye da rabin haske, dole a ƙara ƙarfin fitila, in ba haka ba ledar da ke gudu za ta fito dishi-dishi.

Akwai kyamara mai na'urar Sony IMX250MZR, mai matatar haske a cikinta, tana ɗaukar kusurwa huɗu, digiri 0, 45, 90 da 135, a harbi ɗaya. Tana da kyau, amma don kwanan watan ruwan leda, kashe sauro ne da gatari.

Ka ce wa yaron ya riƙa goge matatar da tsumma mai laushi kowace safiya, musamman in hunturu ya kama.