Jam'iyya, haɗaka ko ƙawance: wane suna ya dace da mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan albasa a nan Kumasi. Mu ƙungiyoyi uku ne masu sauke kaya daga Nijar, kowacce da shugabanta da asusunta. Mun yanke shawarar mu riƙa magana da murya ɗaya kan kuɗin mota da abin da ake karɓa a hanya. Da aka zo sa suna sai gardama ta kaure. Wani dattijonmu ya ce jam'iyya, samari suka ce haɗaka, ni kuma na ce ƙawance. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Na ji daɗin da kuka tsaya kan suna, domin kowace kalma a cikin ukun nan tana ɗauke da alkawari, kuma ranar da aka saɓa, ita za a ɗauko a yi muku shari'a da ita. Abu biyu nake tambaya idan aka kawo mini irin wannan. Me aka taru a nema? Bayan an taru kuma, sunan kowa da asusunsa suna nan, ko sun narke?

Mu fara da ta dattijo, kuma a gaishe shi, don bai faɗi ba daidai ba a Hausar da ya tashi da ita. Jam'iyya aro ce daga Larabci, ma'anarta taron mutane masu manufa ɗaya. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta Najeriya ma ƙungiyar al'adu ce da fari, sai a 1951 ta rikiɗe ta shiga siyasa. Amma yau kalmar ta tsuke. Duk wanda ya ji jam'iyya, tuta da ɗan takara da akwatin zaɓe zai hango. Ku da kuke da 'yan NPP da 'yan NDC, manyan jam'iyyun Ghana biyu, a rumfa ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, wannan suna zai jawo muku tambayar da ba ku da bukatarta. Ku bar ta.

Haɗaka ita ce na fi so ku lura da ita, don samari suna son ta saboda daɗin faɗi, alhali tana da nauyi. Daga haɗa ta fito, kuma idan aka bi ta har ƙarshe, abu biyu ko uku ne suke zama ɗaya. Tarihin zangonmu yana da misali. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta yake a zangunan Accra da Kumasi. A 1957, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kawo dokar hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila ko yanki, MAP da NLM ta Asante da jam'iyyar mutanen arewacin Ghana da wasu ƙanana suka dunƙule suka zama UP ƙarƙashin Busia. Daga ranar babu sauran MAP. Sunan ya tafi, shugabancin ya tafi. Haka aka yi a Najeriya a 2013, da ACN da CPC da ANPP suka zama APC, abin da 'yan siyasar can suke kira maja. Gaskiya ne 'yan jarida kan sassauta kalmar, su kira duk wani haɗin gwiwa haɗaka. Amma ku takarda za ku rubuta, kuma akwai kuɗi a ciki. Ka tambayi shugabannin nan uku a gaban jama'a: wa ya yarda ya sauka daga kujerarsa, a zuba asusunsa cikin na sauran? In ka ji shiru, to ba haɗaka kuke yi ba.

Taka kalmar ta fi kusa. Ƙawance daga ƙawa yake, kuma kowa ya san ƙawaye: a yi biki tare, a yi anko tare, da yamma kowacce ta koma gidanta. A zaɓen Ghana na 1996 jam'iyyun NPP da PCP sun ƙulla ƙawance, Kufuor na NPP ya tsaya takarar shugaban ƙasa, Arkaah na PCP ya tsaya masa mataimaki. Rawlings ya ci, kowa ya kama gabansa da sunansa. Haka Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel a Satumban 2023. Inda kalmar ta gaza muku shi ne tana da ƙamshin abu na ɗan lokaci, ko na fuskantar abokin gaba. Direba ko jami'in da ya ga "ƙawance" a kan takardarku zai iya ɗauka faɗa kuka zo yi.

Akwai ta huɗu da ba wanda ya ambata a taronku, kuma ita nake ba ku shawara: gamayya. Gamayyar ƙungiyoyi inuwa ce guda da ƙungiyoyi suke shiga, kowacce da shugabanta da dokarta, sai a naɗa wakilai su yi magana da yawun kowa. Irin tsarin TUC ke nan, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta Ghana, wadda take tun 1945. Tarayya kuwa ku bar wa ƙasashe da jihohi, kamar Tarayyar Afirka da Tarayyar Najeriya. Ɓangare da tsagi na waɗanda suka ɓalle ne, Allah ya raba ku da su.

Sai abu ɗaya da ya shafi kasuwa kai tsaye. Hausa ta bambanta haɗa kai da haɗa baki. Ghana da Kodibuwa sun haɗa kai a 2019 suka sa masu sayen koko su ƙara dala 400 a kan kowane tan domin manomi ya samu. Ku ma in kun zauna da masu motoci kuka daidaita kuɗin buhu daga Galmi ta Nijar zuwa Kumasi, haɗin kai ne. Amma ranar da aka ce kada kowa ya buɗe mota sai farashi ya tashi, ko a hana baƙo sauke kayansa, mai ɗan tire da take sayen rabin buhu tana kasawa a bakin titi a unguwar Aboabo za ta kira shi haɗin baki da babakere, kuma ta yi gaskiya. Ina roƙonku ku rubuta iyakar abin da gamayyar za ta sa baki a kai tun yanzu, tun ana shiri.

Saboda haka ku sa "Gamayyar Ƙungiyoyin 'Yan Albasa na Kumasi". A ƙarƙashin sunan a rubuta cewa kowace ƙungiya tana riƙe da asusunta, a faɗi nawa za ta riƙa zubawa a asusun gamayya, wakilai nawa za ta turo, da yadda za ta fita in ta ga dama. Shugabanci kuma ya riƙa zagayawa tsakanin ukun. Dattijon nan ku ba shi kujerar uban ƙungiya, a fara karanta masa takardar kafin a kai ta gaban Sarkin Zango.