Me ya sa likita bai rubuta Bactrim ba?

Ka tambaye ni me ya sa likita ya rubuta wa matar nan mai ciwon fitsari allurar seftiriyakzon sannan siprofloksasin, alhali Bactrim, wanda shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ya fi arha. Ajiye kwalin nan ka matso, ɗana.

Ciwonta ya wuce mafitsara. Masassara mai zafi, rawar ɗari, ciwon kwiɓi da amai, alama ce ta cewa ƙwayar cutar ta hau ƙoda. Yawanci E. coli ce, wadda ke zaune a hanji. Maganin da za a ba ta dole ya ratsa naman ƙodar, shi ya sa nitrofurantoyin, duk kyansa a mafitsara, ba ya da aiki a nan.

Bactrim yana ratsawa, amma ƙwayar ta saba da shi. A shekarar 2000 an fitar da wani bincike a Amurka kan mata masu wannan ciwo: sipro na kwana 7 ya warkar da kashi 96 cikin ɗari, Bactrim na kwana 14 kuwa 83. Abin da ya ja shi ƙasa shi ne matan da ƙwayarsu ba ta jin sa, a cikinsu kusan ɗaya cikin uku kaɗai ta warke. To ina ga nan Damagaram, inda ake tallarsa a faranti kamar goro, kowa ya ji ciki ya murɗa sai ya haɗiyi biyu? Amoksisilin ma kada ka tanka.

Sipron kansa ya fara bin sahu, tunda duk masassara yanzu an mai da ita taifot, sai a sha mata sipro. Ƙa'idar likitoci ita ce, in a gari ƙwayoyin da ba sa jin sipro sun haura kashi 10 cikin ɗari, a fara da allura ɗaya ta seftiriyakzon, giram 1, ko jentamisin. Ni jentamisin ina jin tsoronsa ga tsofaffi, yana taɓa ƙoda da kunne. Akwai kuma ƙwayoyin da ke narkar da seftiriyakzon ɗin kansa. Waɗannan aikin babban asibiti ne, da manyan magunguna irin su meropenem, ba na kantarmu ba.

Abin da zai raba gardama shi ne awon fitsari a labo. A ɗauka kafin ta sha ko ƙwayar magani ɗaya, bayan kwana 2 ko 3 takarda ta fito da maganin da ke kashe ƙwayarta. Lokacin likita zai iya canzawa, har ya koma Bactrim ɗin in ya ga tana jin sa.

In ta dawo, ka tambaye ta ko tana da juna biyu, don mai ciki ba ta shan sipro. Ka ce ta raba shi da fura da nono da maganin ƙarin jini, suna hana shi shiga jiki. In ta kwana 3 masassara ba ta sauka ba, ko amai ya hana ta riƙe maganin, ta koma asibiti ranar nan.