Tambayi Likita: idon kifi, dundumi, da abin da ake ɗiga wa yara a ido

Tambayoyin wannan makon duk a kan ido suka faɗo, sai na haɗa su wuri guda. Ta huɗu ce ta fi tayar mini da hankali. Wanda lokacinsa kaɗan ne, ya fara da ita.

Likita, malaminmu ya ba mu labarin wani dogon kifi mai kama da maciji da ke kogunan Turai, wai idonsa yana sauyawa in ya girma. Yana ganin launi kamar mu? (Ɗalibin sakandare, Zariya)

Ɗana, ni likitan mutane ne, amma tambayarka ta yi mini rana, don da ita zan buɗe sauran.

Can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira retina, a kanta haske ke sauka. Ƙwayoyi iri biyu ne a cikinta. Akwai na dare, kimanin miliyan 100 a ido guda, masu aiki ko da haske ɗan kaɗan ne, sai dai ba ruwansu da launi. Shi ya sa a farin wata za ka shaida mutum, amma ba za ka rantse a kan launin rigarsa ba. Akwai kuma na rana, wajen miliyan 6, su ke rarrabe launi. Na ɗan Adam kashi uku ne: masu kama ja, masu kama kore, masu kama shuɗi.

Kifin nan, wanda mutanen Ingila ke kira il, na ranarsa kashi biyu ne kawai, na kore da na shuɗi. Yana da abin rarrabe launi ke nan, amma bai kai namu ba, kuma na dare ne suka cika masa ido, tunda da dare yake kiwo. Bayan ya yi shekaru a kogi, sai ya nufi Tekun Sargaso a cikin Atilantika don ya hayayyafa, tafiyar da ta haura kilomita 5,000. Kafin ya tashi idanunsa kan ƙara girma, sinadarin da ke cikin ƙwayoyinsa na dare kuma ya koma mai kama shuɗi, domin a ƙarƙashin teku shuɗin haske kaɗai ke saura. Sinadarin nan, a idonsa da naka, da bitamin A ake haɗa shi. George Wald na Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 1967, shi ya fayyace wannan, kuma har idon irin kifin nan ya bincika. Riƙe maganar bitamin A, za mu dawo kanta.

Karatu da fitilar waya cikin duhu yana kashe ido? (Ɗaliba, Katsina)

Ba ya kashewa. Gajiya yake sa wa ido, da ciwon kai. Ki riƙa ɗaga kai ki dubi nesa lokaci-lokaci. In rubutun allo ne ba kya gani sosai, je ki a auna ki.

An cire ni a gwajin lafiya na neman aiki, wai ba na bambance ja da kore. Wani ya ce yana da maganin da zan sha na wata uku. (Matashi, Jos)

Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. Wannan gado ne, kashi ɗaya cikin ukun nan na ƙwayoyin rana ne ya zo da tawaya ko bai zo ba sam. Ta wajen uwa yake biyowa kuma maza ya fi kamawa, don haka ka bincika cikin kawunnanka, ba mamaki ka samu abokin tafiya. Ba ya ƙaruwa, ba ya kai ga makanta, ba kuma ƙwaya ko jiƙon da ke sauya shi. Tabarau masu launi da ake tallatawa a intanet ma ba warkarwa suke ba. Littafin nan mai ɗige-ɗige da aka nuna maka, wani likitan Japan mai suna Ishihara ya fito da shi a 1917, har yau da shi muke aiki. Tuƙin jirgin sama da na ƙasa da haɗa wayoyin lantarki ne za su ba ka matsala. Yawancin sauran sana'o'i ƙofarsu a buɗe take.

Ɗana mai shekara 3 ya yi ƙyanda wata guda da ya wuce. Tun daga nan, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da kwanuka. Yanzu ko da rana ba ya son buɗe ido, kuma akwai wani fari-fari kamar kumfar sabulu a gefen baƙin idon. Surukata ta ce dundumi ne, zai wuce, tana ɗiga masa ruwan wani ganye. Maƙwabciyata kuma ta ce a gwada fitsarinsa na safe. (Wata uwa, Gusau)

'Yar'uwa, ki ajiye abin da ke hannunki ki kai yaron nan asibiti yau. Ban ce gobe ba, ban ce sai ranar kasuwa ba.

Surukarki ta yi gaskiya a wuri ɗaya, dundumi ne. Inda ta kuskure shi ne cewa zai wuce. Ƙyanda tana ƙone ɗan bitamin A da yaro ya tara a hantarsa, ga zawo, ga rashin cin abinci. Da ya ƙare, ƙwayoyin dare ne ke fara tsayawa, shi ne laluben bangon da kike gani. Wannan mataki na farko ke nan, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yake warwarewa in an ba da magani. Amma bitamin ɗin nan shi ke riƙe da danshin fatar ido. Kumfar da kika gani alama ce fatar ta bushe. Rufe idon da yake yi da rana kuma shi ya fi ba ni tsoro, don yana nuna abin ya soma taɓa gilashin ido, wato fatar nan mai sheƙi da ta lulluɓe baƙin ido. In ta yi gyambo tana iya narkewa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke biyo baya hakiya ce ko idon ya mutu gaba ɗaya, kuma daga nan babu kafson da zai dawo da shi.

To a kan irin wannan idon ne ake ɗiga ruwan ganye! Wallahi abin nan ya ishe ni. Na ga idon da aka zuba wa ruwan albasa, na ga na ruwan sukari, na ga na toka, na ga wanda aka sa wa ruwan batir. Ganyen da aka jiƙa a kwano ya kwana, ƙwayoyin cuta ne ake ɗauka a zuba kan ɗanyen rauni. Fitsari kuwa, ban san wanda ya fara koya wa mutane wannan ba, Allah ya shirye shi. In aka yi rashin sa'a aka yi amfani da na babba mai ciwon sanyi, ƙwayar cutar tana huda ido cikin kwanaki kaɗan. Na yaron ma ƙazanta ne, kada ya kusanci idonsa. Kada kuma ki tsaya kemis a ba ki maganin ɗigawa da ka. Wasunsu suna kawar da jan ido nan take, amma a kan gyambo ƙara zurfafa shi suke.

Na san matsayinki. Ba za ki dubi uwar mijinki ki ce ta daina ba. Ki nuna wa maigidan wannan amsar, shi ya yi mata magana cikin ladabi. Ba mugunta take yi ba, jikanta take so, abin da ta gada ne ta sani. In za ta bi ku asibitin ma ya fi, ta ji daga bakin ma'aikata.

A can za su ba shi jan kafson bitamin A mai awo 200,000: ɗaya ranar da kuka je, ɗaya washegari, na uku bayan mako biyu. Za su duba ko akwai gyambo su ba da maganin da ya dace, su kuma auna shi, don irin wannan yakan zo tare da tamowa. Ki koma karɓar na ukun ko da kin ga ya warke. Kada ki sayi kafson ki riƙa ɗura masa da kanki, yawansa guba ne. Mai juna biyu kuma ba a ba ta wannan babban kafson, yana iya cutar da abin da ke cikinta. In ita ce ke dundumi, ta faɗa wurin awo a ba ta daidai nata.

Sai abinci. Hanta ce kan gaba, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa. Tun likitocin Girka na dā da ita suke maganin dundumi. Sai ƙwai, kuma don Allah a bar zancen nan na wai yaro mai cin ƙwai ɓarawo zai zama. Sai manja, zogale, alayyahu, kabewa, karas, gwanda, da mangwaro in lokacinsa ya zo. Ganye yana son maiƙo kafin jiki ya amfana da shi, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya yi daidai.

Ba ki ce ko an yi masa rigakafin ƙyanda ba. In yana da ƙanne, allurar a wata 9 ce, ta biyu a wata 15. Kafson bitamin A kuma kyauta ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara. In masu rabawa sun zo ƙofar gida a fito da yaran. Amma duk wannan na baya ne. Yau dai asibiti.

Wata biyu ke nan ina shan maganin tarin fuka. Kwanan nan launuka sun dusashe mini, jan abu ya koma kamar ƙasa-ƙasa. (Magidanci, Maraɗi)

Malam, naka daban ne da na matashin Jos, don kai da can kana gani. Cikin magungunan tarin fuka akwai etambutol, wanda kan taɓa jijiyar gani, kuma ja da kore ne ke fara tafiya. Ka koma inda kake karɓar magani kafin ka haɗiyi na gobe, ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa mini. In an cire shi da wuri gani yakan dawo. Amma kada ka watsar da maganin ka zauna a gida, su za su sauya maka. Ka je, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati.

Ina da ciwon sukari. Kwana uku ina ganin walƙiya a gefen idon dama da baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje, yau kuma kamar an saki labule daga sama. Ba ya ciwo. (Dattijo, Kaduna)

Baba, rashin ciwon kada ya ruɗe ka, retina ba ta jin zafi. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ta yage ta soma ɓallewa daga mazauninta, ko jini ya zuba a cikin idon. Ba maganin ɗigawa da ke kai wa can. Aiki ake yi, kuma ana so a yi shi kafin labulen ya iso tsakiyar gani. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan garinku. A samu yaro ya kai ka yau, kada ka tuƙa da kanka, ka tafi da katinka na sukari, ka kuma ce a duba na hagun.