Layin da ya ƙi gogewa: Malama, ni ma na sha wannan wahalar

Assalamu alaikum. Malama, jiya da daddare na ga tambayarki, kuma sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci. Kin ce kina shirya takardun walimar saukar ɗalibanku, kina son layin ado a ƙarƙashin sunan makaranta da kuma kewayen takardar shaida. A manhajar rubutu ta Microsoft Word kika buga alamar tauraro uku (***) kika danna Enter, wani layi mai ɗigo-ɗigo ya ratsa shafin, kin yi gogewar duniya ya ƙi tafiya, har ma ya koma sama. Kika ƙara da cewa shugaban makaranta yana jiranki. Wallahi wannan ta ƙarshen ce ta taɓa ni, don na san yadda hannu yake rawa idan ana tsaye a kan mutum.

Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, ba ki ɓata komai ba, kuma kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Abin da ba a gaya mana ba lokacin da muka koyi taifin shi ne, wannan layin ba rubutu ba ne. Boda ce, wato layin kewaye, da Word ya maƙala a ƙasan sakin layin da ke samansa. Shi ya sa Delete da Backspace ba sa cin sa, ba su da abin kamawa. Ki ja maus ki zaɓe rubutun da ke saman layin, ki haɗa da duk guraben da kika bari babu rubutu, har ki ɗan wuce ƙasansa. Sai ki je Home, ki duba wani ɗan akwati mai kama da taga mai gida huɗu kusa da bokitin fenti, ki danna 'yar kibiyar gefensa, ki zaɓi No Border. Shi ke nan ya tafi. Komawa saman da kika ga yana yi kuwa, duk Enter ɗin da kika danna a wurin ta kwafi bodar, shi kuma Word a ƙarƙashin ta ƙarshe kawai yake nuna ta. Kina cire ta ƙasa sai ta samanta ta bayyana. Don haka ki zaɓe su gaba ɗaya a lokaci guda. Nan gaba idan ya sake fitowa ba da son ranki ba, kafin ki taɓa komai ki danna Ctrl da Z, taurarinki uku za su dawo.

Amma ni ba wannan layin nake jiye miki ba. Na kewayen takardar shaidar nake jiye miki, don shi ne ya ci min rabin albashi, ya sa ni kuka a gaban mutane.

A 2016 ina aiki a wani shagon kwamfuta a wajen Kabuga, albashina N12,000 a wata, daga takwas na safe har bayan magariba. Wata ranar Alhamis wani malamin Islamiyya daga cikin gari ya kawo sunayen ɗalibai 63 da za su yi sauka ranar Asabar. Ya taho da katinsa mai kauri, ruwan madara, a cikin leda, ya ce min da kuɗin da iyayen yara suka harhaɗa ya saye shi, kuma daidai yawan yaran ne sai guda biyu da suka ɗoru. Na zauna na tsara abin da har yau ina ganin ya yi kyau: takardar a kwance, bismillah a sama, sunan makaranta da kore, boda mai zanen saƙa ta kewaye ko'ina. Malamin ya leƙa allon kwamfutar ya ce masha Allah har sau uku.

Ranar babu wuta tun safe, inji ake amfani da shi, oga kuma yana zaune yana lissafin mai. Na ce masa bari in fitar da guda ɗaya a farar takarda mu gani tukuna. Ya ce, "Ke, ba ni da tawadar wasa, tura su duka." Haka ya faɗa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na tura, na juya wajen wasu ɗalibai da ke jiran hotokwafi. Da na dawo na ɗaga katin farko sai gabana ya faɗi. Bodar tana gefe uku, gefen da ya fito ƙarshe daga firinta babu komai, kamar an datse da almakashi. Na ɗaga na biyu, haka. Na yi ta ɗagawa har na ƙasa ina fatan ko ɗaya ya tsira. Babu.

Malama, asarar katin ba ta yi min ciwo kamar maganar da ta biyo baya ba. Shagon cike yake da mutane, oga ya miƙe ya ce ga irin yaran da ake roƙonsa ya ɗauka, kai kamar kabewa, da na zauna a gida na yi aure da ya fi min. Ya riƙa ɗaga katin yana nuna wa kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Bai ce shi ya hana gwaji ba, ni kuma ban iya buɗe baki ba, shekaruna ashirin da ɗaya, mahaifina ne ya kai ni wurinsa da hannunsa. Malamin nan, wanda shi ne mai asarar, shi ya riƙa cewa "Haba Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne, yarinya ce." Ina tuna ya tattara katunan da suka lalace ya mayar cikin ledarsa, ya ce akwai ayar Alƙur'ani a jiki, ba za a bar su a kwandon shara ba. Wannan ne ya ƙarasa karya min zuciya. A adaidaita sahu daga Kabuga har Ɗorayi na ja hijabi na rufe fuska, wata tsohuwa da ke gefena ta ɗauka rasuwa aka yi min, tana ta yi min gaisuwa. Ƙarshen wata oga ya cire kuɗin kati da na tawada, har da na mai, ya miƙo min N5,500. Ina ƙoƙarin yafewa, Allah ya sani, amma har yau idan na bi ta layin shagon sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Na ƙara wata huɗu a wurin, bai taɓa kawo zancen ba, ko sau ɗaya.

Wanda ya warware min kuwa wani dattijo ne a Sabon Gari da yake taifin tun zamanin tafireta, kuma bai yi minti biyu ba. Ya ce Word yana auna bodar daga bakin takarda, maki 24 na ma'auninsa yake bari, bai kai santimita ɗaya ba. Ita kuma firintar tawada ta kala, irin wadda muke da ita, ba ta iya bugu a ƙarshen takarda, don a nan take riƙe da ita tana turowa. Sai bodar ta faɗa inda tawada ba ta kaiwa. Idan takardar a tsaye take, ta ƙasa ce ke ɓacewa, idan a kwance take sai gefe ɗaya. Maganin: cikin Page Borders ki danna Options, inda aka rubuta Measure from ki canja daga Edge of page zuwa Text. Bodar za ta matso ciki kusa da rubutu. Idan ta matse rubutun da yawa ki ƙara lambobin nan huɗu, suna kaiwa har 31. Ki kuma duba girman takarda ya zama A4, don kwamfutoci da yawa a Letter suke zuwa, ta Amurka, wadda ta fi tamu faɗi kaɗan kuma ta fi ta gajarta, sai ki ga ado ya karkace.

Shi Page Borders ɗin yana ƙarƙashin Design idan Word ɗinki 2013 ne ko sama, idan kuma 2007 ko 2010 ne irin na shagunanmu da yawa, yana Page Layout. A ƙasa za ki ga Art, a nan adon yake. Na farko-farkon su tuffa ne da kek da askirim da balan-balan, kada ki tsaya a nan, ba su dace da takardar sauka ba. Ki gangara ƙasa sosai za ki tarar da masu zanen saƙa da kusurwoyi, baƙaƙe, kuma da yawansu suna karɓar launi. Kore mai duhu ko ruwan zinare yana zama a kan kati ruwan madara. In littafin tsarin walimar ne, kina son ado a bango kaɗai, a Apply to ki zaɓi wanda ya ce First page only, in ba haka ba kowane shafi zai ɗauka, tawada ta ƙare a banza.

Don Allah, don Annabi, ki fitar da guda ɗaya a farar takarda kafin ki sa kati. Ko wa ya ce ki yi sauri. Ko ke za ki biya kuɗin wannan guda ɗayan daga jakarki. Kuma a firintar da za a yi aikin da ita za ki gwada, ba wata ba, don kowace da inda take tsayawa.

Na koma kan layin ƙarƙashin sunan makaranta. Wannan dabarar da ta ba ki wahala ita ce ma mafi sauƙi idan kin san halinta. Karan ɗori uku (---) da Enter na ba da siririn layi, alamar daidai uku (===) na ba da layi biyu a jere, alamar nan mai kama da tsani guda uku (###) na ba da layi uku na tsakiyar mai kauri, mai lanƙwasa ta saman Tab guda uku (~~~) kuma na ba da mai zigizag. Ni mai layi ukun nake sa wa sunan makaranta, yana da kwarjini. Launinsa kuma a Borders and Shading ake canjawa. Idan kina tsoron ya sake maƙale miki, a cikin 'yar kibiyar nan ta ɗazu akwai Horizontal Line, shi wannan ana danna shi a goge kamar hoto, in kin danna sau biyu za ki rage tsawonsa ki sa shi a tsakiya. Wanda ake ja da hannu daga Shapes ban cika so ba. In za ki ja ki riƙe Shift don ya miƙe, amma ki sani yawo yake a saman shafi, kina ƙara rubutu sai ki tsince shi ya ratsa sunan wani yaro.

Wurin sa hannun shugaban makaranta ma a nan mutane ke faɗawa, su yi ta danna alamar layin ƙasa (_), su buga Enter, wani ƙaton baƙin layi ya cika shafi. Ki sa tebur mai gida uku, ki cire bodarsa duka, ki mayar da ta sama kaɗai a gidan dama da na hagu, ki rubuta "Shugaban Makaranta" da "Kwanan Wata" a ciki. Ba ya motsi. In kuma kin gaji da abin gaba ɗaya, File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, AutoFormat As You Type, ki cire alamar da ke kan Border lines.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: sunayen yaran. Salon rubutu masu ado da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga harafin ya fita daban ko ya koma akwati a tsakiyar suna. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tura jerin wa iyaye su tabbatar. Uwar da ta yi shekara da shekaru tana raka yaro makarantar asuba, ta ajiye takardar nan a ƙasan akwati, ba za ta lura da wace boda kika sa ba, amma za ta ga an ɓata sunan ɗanta. Kuma ki mayar da aikin PDF kafin ki sa a filash ko ki tura ta WhatsApp, musamman da yake akwai Larabci a ciki, don wata kwamfutar tana hargitsa shi.

Na san ku malaman Islamiyya mata yawanci kyauta kuke wannan aikin, cikin dare bayan an gama da yara da girki, kuma idan an samu kuskure ke za a kalla. Ki gaya wa shugaban naku tun yanzu cewa kina buƙatar katin gwaji a cikin lissafi. Masu shaguna da ke cikin wannan zaure kuma, na san kuna nan da yawa, ku ji tsoron Allah a kan yaran da ke ƙarƙashinku. In za ku yi faɗa ku jira kwastoma ya fita.

Ki gaya min wane Word ne a kwamfutarki, ki ɗauko hoton allon ki turo nan in ga inda layin ya tsaya. Idan har gobe bai warware ba, ina Ɗorayi, bayan la'asar ina gida, ki yi min magana ta gefe ki taho da kwamfutar da kati biyu, ina da 'yar firinta mu gwada tare. Allah ya sa wa karatun yaran albarka.