Amsoshin Tambayoyinku: Farantin Sola, Buhun Wake da Na'urar Rage Kuɗin Wuta

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga kayan zamani da ake tallatawa da sunan kimiyya, kuma na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Wani magidanci daga Kaduna ya rubuto cewa ya ga tallar wata ƙaramar na'ura a Facebook, wadda ake jona wa a soket, aka ce tana rage kuɗin wuta da rabi, yana tambaya ko ya sayi ɗaya ko biyu.

Malam, kada ka sayi ko ɗaya. Mitar gidanka tana ƙirga ƙarfin wutar da firji da fanka da dutsen guga suka ci ne, kuma babu wani akwatin roba da za a maƙala a bango ya hana dutsen guga cin abin da yake buƙata domin ya yi zafi. Yawancin irin waɗannan na'urori in an fasa su, abin da ake samu a ciki bai wuce ɗan ƙwan da ke haskawa da wani ƙaramin sashe da ba ya taɓa lissafin mitar gida ba. Idan da gaske kake son rage kuɗin wuta, ka cire tsofaffin ƙwayayen lantarki masu zafi ka sa na LED, domin hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, na LED mai wat 9 ko ƙasa da haka yana bayar da shi. Wannan kam aikin kimiyya ne na gaskiya, har masana uku 'yan asalin Japan da suka gano hanyar samar da shuɗin hasken LED, wato Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014 a kansa.

Wani tela daga Kano ya ce tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ke cinye ribar shagonsa, kuma ya tara kuɗi domin ya koma sola. Ya samu wani ɗan kasuwa da ke sayar da faranti mai rubutun wat 500 a kan kuɗin da bai kai na sauran shaguna ba, tare da batir mai rubutun 200Ah (Ah ma'aunin cajin da batir ke adanawa ne) da mutum ɗaya ke ɗauka ba tare da nishi ba. Yana tambaya ko ya yi sauri kafin kayan su ƙare.

Maigida, niyyarka ta komawa sola daidai ce, amma saurin ne nake jin tsoro, kuma ka yi mini haƙuri domin a nan zan daɗe. Ya kamata ka fara sanin dalilin da ya sa sola ta yi arahar da har tela zai iya tunanin sayenta. A 1954 ne masu bincike a ɗakin gwaji na Bell a Amurka suka nuna farantin sinadarin silikon na farko mai amfani, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki, kuma tsadarsa ta sa tauraron ɗan Adam ne ya fara cin moriyarsa a 1958. Daga baya wani malamin jami'a a birnin Sidni na Ostireliya, Martin Green, ya ƙirƙiro wani tsari a 1983 da ya ƙara wa farantin ƙarfi, ya kuma koyar da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Ɗaya daga cikinsu, Shi Zhengrong, ya koma China ya kafa kamfanin Suntech a 2001, a daidai lokacin da Jamus ta yi dokar 2000 da ta tabbatar wa masu sola farashi mai kyau idan suka sayar da wutarsu. Masu saye suka yawaita, masana'antu suka faɗaɗa, kowane kamfani ya koyi dabarar wani, har farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wannan ita ce arahar gaskiya, kuma ta riga ta shiga farashin da kake gani a shagunan kirki. Duk arahar da ta zarce wannan da nisa, wani abu aka rage daga jikin kayan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda mayaudara suka koyi kalmomin kimiyya fiye da yadda masu saye suka koyi lissafinta, alhali lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare ba. Ana auna ƙarfin faranti ne bisa hasken rana mai wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma farantan kirki na yau suna kama kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na wannan hasken. Ke nan murabba'in mita ɗaya yakan ba ka wat 200 zuwa 230 ne, kuma ko mafi inganci ba ya wuce haka da yawa. Faranti mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, nauyinsa kuma ya kusa kilo 30. Kai tela ne, tef yana rataye a wuyanka, saboda haka ka je da shi shagon, ka auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka su, sannan ka ninka abin da ya fito da 220. Idan lissafin ya ba ka 250 alhali takardar da ke manne a baya ta ce 500, to takardar ce aka buga a bayan kasuwa, kuma wanda ya yi maka ƙarya a kan faranti ba zai faɗa maka gaskiya a kan sauran kayan ba.

Batirin ma ya tona asirin kansa a cikin wasiƙarka. Batirin dalma yana adana wuta ne da dalmar da ke cikinsa, dalma kuwa abu ce mai nauyi, shi ya sa mai 200Ah na gaskiya yake haura kilo 50, kuma ba a ɗaukarsa da hannu ɗaya. Wanda ya yi sauƙin ɗauka, ko dai an rage masa dalma, ko ƙarami ne aka sake masa takarda. Ko na gaskiyar ma sai ka san iyakarsa: bolt 12 sau 200 ya ba ka 2,400, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 2,400 na awa ɗaya, amma rabin wannan kawai ya kamata ka riƙa sha kafin ka sake caji, in ba haka ba batirin da ya kamata ya yi shekaru zai mutu kafin Sallah ta zagayo. Batirin litiyam ya fi jure a sha shi sosai, ya fi daɗewa, kuma ya fi sauƙin nauyi, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa, sannan shi ma ana haɗa na jabu da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga wasu kayan, don haka kada a saye shi sai da rasit da garanti a rubuce daga shagon da za ka iya komawa ka same shi a buɗe. Batirin mota kuwa ka manta da shi gaba ɗaya, domin an yi shi ne ya ba da ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa ko da kayansu na kirki ne. Ƙarfin da ke rubuce a jikin faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan da kowane digiri da ya hau, ga shi faranti a kan rufin kwano a watan Afrilu a Kano yana yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Sai a bar tazara tsakaninsa da kwanon domin iska ta ratsa, a kuma riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi. Waya siririya tana cinye wuta a hanya kuma tana jawo gobara, kuma a nan ne masu haɗawa suka fi yin ƙwange.

Kafin ka biya ko kwabo, ka zauna ka rubuta kowane abu da zai sha wuta a shagon, da yawan wat ɗinsa, da awannin da yake aiki. Idan kekenka na ɗinki yana da tsohuwar mota mai juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, ka fara canza ta da irin wadda ba ta motsi sai an taka, domin wannan canjin kaɗai zai rage girman solar da kake buƙata. Dutsen guga na lantarki yana cin wat 1,000 ko fiye, saboda haka ko ka yi guga da tsakar rana lokacin da faranti ke aiki, ko ka riƙe na gawayi. Ɗan kasuwar da ke cewa kaya za su ƙare gobe, ka bar su su ƙare.

Wata uwa daga Funtuwa ta rubuto cikin damuwa cewa mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gona, ta samu buhunan wake bana, kuma maƙwabta sun ce ta zuba maganin ƙwari a ciki kamar yadda kowa ke yi. Tana tsoron ta ciyar da 'ya'yanta guba, tana kuma tsoron ƙwari su mayar da waken gari.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya albarkaci marayun, kuma ki kwantar da hankalinki, Hajiya, domin tsoronki yana kan hanya kuma akwai mafita mai sauƙi. Maganin feshi irin su Sniper ba a yi shi don a zuba a abinci ba, kuma ragowar irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara aikinsa tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, sannan daga 2007 aka yaɗa shi a ƙauyukan Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. Yadda aka yaɗa shi ma abin koyi ne: malaman gona sukan ɗaure wake a gaban jama'a, a bar shi watanni, sannan a taru a kwance kowa ya gani da idonsa. Sirrinsa shi ne ƙwari suna numfashi, idan aka toshe iska sai su shanye wadda ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba.

Sai dai ki kula da abubuwa kaɗan. Waken ya bushe sarai kafin ki zuba. Ki cika kowace leda da iska ki matse bakinta ki ga ko tana sacewa, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ki matse iskar da ta rage bayan kin zuba, ki murɗe bakin ledar ciki ki ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Ki ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada ki riƙa buɗewa kina ɗiba kullum; wanda za a ci a wata ki ware shi daban. Ana sayar da na kwaikwayo masu siririyar leda, don haka ki saya a wurin dillalin kayan gona da aka sani, ki taɓa ledar ki ji kaurinta. Idan kin kula da shi zai yi miki kaka fiye da ɗaya.

Wani matashin manomi daga Zamfara yana tambaya a kan irin wake da ya ji an ce ba ya buƙatar feshi, wanda ya gani ana aunawa da kwano a kasuwa.

Ɗana, an ƙara wa labarin gishiri. Irin da kake nufi shi ne SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar tare da abokan aikinta daga waje, aka kuma amince da fitar da shi a Disambar 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin turɓaya domin ya kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, kuma hakan yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Sauran ƙwarin gona suna nan, ƙwarin rumbu ma suna nan. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa halitta, kuma zaɓi naka ne, amma ko me ka zaɓa kada ka sayi iri a kwano da sunan ingantacce, domin ido ba ya bambance shi da waken tuwo. Ka saya a cikin jakarsa a rufe, mai alamar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, ka kankare lambar da ke jiki ka tura ta waya domin ka tabbatar.

Wata mai sayar da kayan miya daga Haɗeja tana tambaya ko ta ci bashi ta sayi firji mai aiki da sola domin tumatur da alayyafo.

Baiwar Allah, kada ki ci bashi a kan tire biyu na tumatur. Ki samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, ki sa ƙaramar a cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa ne da zafin da ya janyo daga ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Wani malami daga jiharku ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai da bazara da rani lokacin da iska ta bushe, tana kuma yin rauni da damina. Sanyinta bai kai na ajiye nama ko kifi ba, kuma albasa da tafarnuwa ba sa son danshi, don haka ki bar su a waje.